Yadda Kyuba ta mamaye damben Olamfik, da inda ƙasar damben gargajiya ta tsaya

A watan Agustan 1992, a birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya, 'yan damben Najeriya biyu suka kai wasan ƙarshe a gasar Olamfik, kuma a azuzuwa biyu mafiya nauyi. David Izonritei ya hau dandamali a ajin kilo 91, Richard Igbineghu kuma a ajin da ya ɗara haka. Kowannensu ɗan ƙasar Kyuba ya tarar yana jiran sa. Félix Savón ya doke Izonritei da maki 14 da 1, Roberto Balado ya doke Igbineghu da maki 13 da 2. Su biyun suka dawo gida da lambar azurfa, kuma har yau babu ɗan Najeriyar da ya sake kai wa wasan ƙarshe a damben Olamfik. Shekara 20 kafin nan, a Munich ta Jamus, wani ɗan Kyuba ne mai suna Gilberto Carrillo ya tare wa Isaac Ikhouria hanya a wasan kusa da na ƙarshe.

Sau uku ke nan Najeriya tana hango zinare, wani tsibiri da yawan jama'arsa bai kai na Jihar Kano ba yana shiga tsakani. Wannan bayani zai duba mene ne damben da ake yi a Olamfik, yadda Kyuba ta gina makarantarta a cikinsa, yadda masu horarwarta suka bazu a duniya, da kuma abin da duk wannan ya shafi wurare irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda ba a buƙatar a yi wa kowa bayanin mene ne dambe.

Wane dambe ake nufi

Damben boksin iri biyu ne, kuma mutane da yawa na gwama su. Akwai na ƙwararru, wanda ake yi don kuɗi da kambu, irin na su Muhammad Ali da Anthony Joshua, wanda yakan kai turmi 12. Akwai kuma na 'yan dagaji, wato waɗanda ke wakiltar makaranta ko jiha ko ƙasa, ba don ladan wasa ba. Shi ne ake yi a Olamfik, da gasar ƙasashen Afirka, da ta ƙasashe rainon Ingila, da bikin wasanni na ƙasa a nan gida.

Wasa ɗaya turmi uku ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Alƙalai biyar ne ke zaune a gefen dandamali suna ba da maki, ban da alƙalin da ke ciki yana raba 'yan wasa. Ana auna kowa a sikeli, ba a haɗa mutum sai da sa'ansa a nauyi. Wanda aka doke ya fita daga gasar ke nan, saboda haka mai neman zinare sai ya yi wasa huɗu ko biyar cikin mako biyu, kowanne da sabon abokin karawa mai nasa salo. Waɗanda aka fitar a wasan kusa da na ƙarshe su biyun ana ba su tagulla, al'adar da aka fara tun 1952. Ƙarancin lokacin nan shi ya sa damben 'yan dagaji ya fi karkata ga sauri da dabara da tara maki, maimakon jiran naushi guda da zai sumar da mutum.

Boksin ya shiga Olamfik a 1904 a St. Louis ta Amurka, mata kuma ba su samu shiga ba sai a Landan a 2012. An kafa hukumar damben 'yan dagaji ta duniya, AIBA, a 1946. Tarihinta cike yake da rigimar alƙalanci. Bayan abin kunyar da ya faru a Seoul a 1988, inda aka hana Ba'amurke Roy Jones nasarar da kowa ya gani da idonsa, sai aka koma ƙidayar naushi da na'ura, wadda da ita aka yi lissafin makin su Izonritei. A 2013 aka watsar da na'urar, aka koma tsarin maki goma irin na ƙwararru, aka kuma cire wa manyan 'yan wasa maza hular kare kai. Kwamitin Olamfik na duniya ya dakatar da hukumar a 2019 saboda matsalolin kuɗi da shugabanci, ya janye amincewarsa da ita baki ɗaya a 2023. Wata sabuwar hukuma, World Boxing, ita ce aka amince da ita a 2025, sannan aka tabbatar da cewa za a yi dambe a gasar Los Angeles ta 2028.

Yadda aka gina makarantar Kyuba

Kafin juyin juya halin 1959, Kyuba na da mashahuran 'yan damben kuɗi irin su Kid Chocolate da Kid Gavilán, waɗanda suka yi suna a Amurka, suka samu dukiya, suka kuma ƙare rayuwa hannu babu komai. Gwamnatin Fidel Castro ta kafa hukumar wasanni ta ƙasa, INDER, a 1961, a 1962 kuma ta haramta damben kuɗi. A shekarar ce wani ɗan Kyuba mai riƙe da kambun duniya, Benny Paret, ya rasu bayan dukan da ya sha a wani wasa a New York. Waɗanda ba su yarda da sabuwar dokar ba, irin su José Nápoles da Sugar Ramos, suka yi ƙaura. Waɗanda suka zauna kuma ba su da wani buri da ya wuce lambar ƙasa.

A nan ne babban bambancin yake. A Amurka ko Ingila ko Najeriya, ɗan wasa yakan je Olamfik sau ɗaya yana ɗan shekara 20 ko 22, ya juya zuwa neman kuɗi. Ɗan Kyuba kuwa yana iya zuwa har sau uku, yana da wasanni ɗaruruwa a bayansa. Sau da yawa abin da ake gani a dandamali gogaggen magidanci ne yake karawa da saurayin da bai gama sanin kansa ba.

Amma doka kaɗai ba ta koya wa kowa naushi. Mutumin da ake jingina wa makarantar shi ne Alcides Sagarra, ɗan Santiago de Cuba, wanda ya karɓi ragamar tawagar ƙasar a 1964 ya riƙe ta har 2001. Abin lura, ita ma Kyuba da baƙin masu horarwa ta fara. Kurt Rosentritt ya zo daga Jamus ta Gabas, Andrei Chervonenko kuma daga Tarayyar Sobiyet. Su suka kawo tsarin tsara horo bisa watanni da makonni, da auna ƙarfin jiki, da rubuta komai. Sagarra da abokan aikinsa suka haɗa wannan da abin da ƙasar ke da shi tun asali: sassaucin jiki, da iya taka rawa, da wasan ƙafa. Ginshiƙin koyarwarsu shi ne ka kai naushi ba tare da an same ka ba. Ɗan damben Kyuba yakan tsaya daga nesa, ya kai miƙaƙƙen naushi, ya goce gefe kafin a rama, har abokin karawarsa ya gaji da dukan iska.

Ƙarƙashin wannan akwai tsani mai matakai. Malaman motsa jiki a makarantun firamare da ƙananan wuraren horo na unguwa su ke fara lura da yaro. Idan ya nuna alama, sai a kai shi makarantar kwana ta wasanni da ke lardinsa, irin waɗanda ake kira EIDE, inda yake karatun boko rabin yini, horo rabin yini, gwamnati na ci da shi. Daga nan sai gasar makarantu ta ƙasa, sai gasar manya da ake kira Playa Girón, sai sansanin tawagar ƙasa da ke bayan birnin Havana, wanda suke wa laƙabi da La Finca, wato gona. A kowane mataki mai horarwar ya yi karatun aikin, kuma darasin da ake koyarwa a ƙauye shi ne ake koyarwa a babban birni.

Teófilo Stevenson, wanda ya fi kowa suna a cikinsu, ɗan yankin noman rake ne a gabashin tsibirin, ya tashi a gefen wata masana'antar sukari kusa da Puerto Padre. Ya ci zinare a Munich a 1972, da Montreal a 1976, da Mosko a 1980. An yi ta yi masa tayin miliyoyin daloli don ya kara da Muhammad Ali, ya ƙi, ya zauna a ƙasarsa har ya rasu a 2012. Savón, wanda ya gaje shi ya kuma ci nasa zinaren uku a 1992 da 1996 da 2000, ɗan manoma ne daga lardin Guantánamo. Ba a babban birni aka haife su ba, tsanin ne ya sauka har inda suke.

Lissafin ya isa shaida. Kyuba ta fara da azurfa biyu a 1968. Ta ci zinare uku a 1972, uku a 1976, shida a 1980. Ta ƙaurace wa gasar 1984 da ta 1988 saboda siyasa, ta dawo a 1992 ta kwashe bakwai cikin 12. Tsakanin 1972 da 2000, a hannun Sagarra, zinare 27 ke nan. Zuwa gasar Paris ta 2024 jimillar ta kai 42, Amurka ce kaɗai ke gabanta, ita kuwa tun 1904 take tarawa.

Yadda masu horarwar suka fita duniya

Da farko zumuncin siyasa ne. Kamar yadda Kyuba ke tura likitoci da malamai zuwa ƙasashe masu tasowa, haka take tura masu horar da wasanni. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, tallafin da ke riƙe da tattalin arzikin tsibirin ya yanke, sai abin ya koma hanyar samun kuɗin waje. A 1992 aka kafa kamfanin gwamnati mai suna Cubadeportes, wanda ƙasa ke ƙulla yarjejeniya da shi ta ɗauki koci, ta biya kamfanin, shi kuma ya ba kocin kasonsa. A 2001 kuma aka buɗe wata makarantar ƙasa da ƙasa ta koyon ilimin motsa jiki kusa da Havana, wadda ta ɗauki ɗalibai daga Afirka da Latin Amurka da Asiya.

Labarin da ya fi ban mamaki a Barcelona ɗin nan ya faru. Ƙasar Ailan ta samu wani koci ɗan Kyuba, Nicolás Cruz, tun 1988. A 1992 'yan wasanta biyu suka kai ƙarshe, kuma kamar na Najeriya, su ma 'yan Kyuba suka tarar. Wayne McCullough ya sha kashi a hannun Joel Casamayor, amma Michael Carruth ya doke Juan Hernández da maki 13 da 10, ya ba Ailan zinarenta na farko a dambe. Cikin mutanen da ke kusurwarsa suna ba shi shawara har da ɗan ƙasar wanda ya doke. Gasa ɗaya, mako ɗaya, abokan karawa daga makaranta ɗaya: mai ɗan gida a kusurwarsa ya tsallake, Najeriya ta tsaya a azurfa biyu. Ba za a ce wannan kaɗai ne dalili ba, domin Savón da Balado ba kanwar lasa ba ne, amma kwatancin ya cancanci a tsaya a kansa.

Tailan ta ɗauki Juan Fontanills, a 1996 kuma Somluck Kamsing ya ci mata zinaren Olamfik na farko a tarihinta, a kowane irin wasa. Misalin Tailan ya fi kowanne kusa da namu, domin Somluck daga damben gargajiyar ƙasarsu ya fito, wanda ake kira Muay Thai, mai naushi da shuri da gwiwa, wanda 'ya'yan talakawan karkara ke yi don neman abinci. Bayansa ƙasar ta sake cin zinare a 2000 da 2004 da 2008. Indiya ta ɗauki Blas Iglesias Fernández a 1990, ya shafe fiye da shekara 20 yana aiki da tawagarta, a 2008 Vijender Singh ya ci mata lambar dambe ta farko, tagulla a Beijing. A 2012 gwamnatin Indiya ta ba Fernández lambar girmamawa mafi daraja da take ba masu horarwa, shi ne baƙo na farko da ya samu. Faransa na da Luis Mariano González cikin masu horar da tawagarta lokacin da ta kwashi lambobi shida a Rio a 2016. Chaina kuma ta damƙa tawagar matanta ga Raúl Fernández, suka ci zinare uku a Paris.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne daɗewa, da kuma abin da kocin ya tarar a ƙasa. Fernández na Indiya ya zauna a cibiyar horar da wasanni ta Patiala yana koyar da 'yan wasa da masu horarwa tare. Cruz ya tarar da ƙananan kulob-kulob a kusan kowace unguwa ta Dublin da Belfast. Fontanills ya tarar da dubban yaran da suka saba da dandamali tun suna ƙanana. Babu wanda ya zo wata uku kafin gasa ya yi abin al'ajabi.

Ita kanta Kyuba ta ɗanɗana kuɗar wannan yaɗuwa. A ƙarshen 2006 zakarunta uku na Olamfik, Yuriorkis Gamboa da Odlanier Solís da Yan Barthelemy, suka tsere daga sansanin horo a Venezuela don shiga damben kuɗi. A Beijing a 2008 ƙasar ba ta ci zinare ko ɗaya ba. Ta farfaɗo ta ci huɗu a Tokyo a 2021, a 2022 kuma ta sassauta dokar shekara 60, ta ƙyale 'yan wasanta su yi damben kuɗi ƙarƙashin kulawar hukuma, ta kuma buɗe wa mata ƙofa. Duk da haka a Paris zinare ɗaya ta samu, ta hannun Erislandy Álvarez. Jagoran tawagarta, Julio César La Cruz, wani haifaffen Kyuba ne mai wakiltar Azarbaijan, Loren Alfonso, ya fitar da shi. Wasu haifaffun tsibirin biyu sun ci wa Sifaniya da Bulgeriya tagulla. Uzbekistan ce ta zama ta ɗaya da zinare biyar.

Najeriya da Nijar a wannan fage

Dambe na cikin wasannin da suka fara ɗaga tutar Najeriya a duniya. Hogan Bassey ya zama zakaran duniya na ƙwararru a 1957 a Paris, Dick Tiger a 1962. Lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta taɓa samu tagullar Nojim Maiyegun ce a Tokyo a 1964. Ikhouria ya ƙara tagulla a 1972. A gasar ce kuma Issaka Daboré ya ci wa Nijar tagulla, lambar da ta zauna ita kaɗai a tarihin ƙasar har shekara 44, kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a wasan taikwando a 2016.

Da aka yi gasar duniya ta 'yan dagaji karo na farko a Havana a 1974, Fatai Ayinla ya ci wa Najeriya tagulla a ajin masu nauyi, ajin da Stevenson ya lashe a gaban jama'arsa. Tawagar 1976, wadda tsohon zakaran Amurka Archie Moore ya taimaka wajen horar da ita, ba ta samu yin wasa ba, saboda ƙasashen Afirka sun ƙaurace wa Montreal kan batun wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A 1978 a Belgrade, Davidson Andeh ya zama zakaran duniya a ajin kilo 60, kuma shi kaɗai ne ɗan Najeriyar da ya taɓa kai wa nan. Sai azurfar Peter Konyegwachie a 1984, azurfa biyun Barcelona, da tagullar Duncan Dokiwari a Atlanta a 1996. Daga nan rijiyar ta ƙafe. A Rio ɗan wasa ɗaya aka kai, Efe Ajagba. A Tokyo babu ko ɗaya. A Paris uku suka cancanta, ɗaya ne ya samu hawa dandamali, aka fitar da shi a wasansa na farko, alhali watanni kaɗan kafin nan 'yan damben ƙasar sun ci zinare takwas a gasar Afirka da aka yi a Accra.

Duka mutum shida da suka ci wa Najeriya lambar Olamfik a dambe daga kudancin ƙasar suka fito. Arewa, wadda ta gaji dambe kaka da kakanni, ba ta da ko ɗaya.

Ikara, Maƙarfi da Kudan

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna arewacin Zariya, cikin masarautar Zazzau, a kan hanyar shiga Jihar Kano. A ƙidayar 2006 jama'arsu a haɗe sun kusa rabin miliyan. Ƙasar noma ce: raken Maƙarfi da mazarƙwailarta sun shahara a kasuwannin Arewa, tumatir da barkono da masara na fita daga Hunƙuyi da Likoro da Paki da Gimi, a Ikara kuma akwai masana'antar sarrafa tumatir. Saurayin da ya tashi yana sarar rake da lodin buhuna ba ƙarfi ne zai rasa ba, kuma yanayin da ya tashi a ciki bai yi nisa da na Stevenson ba.

Damben da aka sani a nan, kamar sauran ƙasar Hausa, shi ne na gargajiya. Asalinsa wasan mahauta ne, ana yin sa da kaka bayan an kawar da amfanin gona, ko lokacin sallah da bukukuwa, da kiɗan kalangu da kirari. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan ya miƙa shi buɗe yana auna tazara yana kare kansa. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa. Sunayen su Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware sun wanzu ne saboda waƙoƙin Ɗan Anace. A yau wasan ya koma gidajen dambe na birane, irin na Kano da Dei-Dei a Abuja da Marabar Nyanya, ana biyan kuɗin shiga, ana sa mota ko babur a gasa, bidiyonsa na yawo a YouTube da Facebook. Har a bikin wasanni na ƙasa yana da gurbi, tare da kokawa da langa.

Dambe na da nasa tsarin koyarwa, kuma kalmar shago ita ce shaida. Duk wanda ake kira Shagon wane ko Autan wane, yaron gidan wani babban ɗan dambe ne, a hannunsa ya koya, da sunansa yake shiga fili. Akwai ladabi ga maigida, akwai juriya, akwai sanin tazara, akwai rashin tsoron taron jama'a. Waɗannan abubuwa ne da koci ke shan wahala kafin ya dasa su a zuciyar yaro.

Sai dai a faɗi gaskiya, gwanin damben gargajiya ba zai sa safar hannu ya zama ɗan boksin cikin wata shida ba. Ya saba da hannu ɗaya, boksin na buƙatar biyu, kuma hannun gaban da yake miƙawa a buɗe shi ne babban makamin ɗan boksin. Ya saba da tsayuwa ƙafafu a ware yana jiran dama ɗaya ta kisa, alhali a can ana son naushi da yawa a jere da motsi ba tsayawa har minti tara. Lilon hannu daga nesa, wanda ke tayar da 'yan kallo tsaye a gidan dambe, shi ne irin naushin da ɗan Kyuba ya fi so a kawo masa, don yana hango shi tun daga inda ya taso. Shekaru ma na da muhimmanci. Yaron da zai kai Olamfik yakan fara yana ɗan 10 zuwa 13, ya bi rukunin 'yan 15 da 16, sannan na 'yan 17 da 18, kafin ya shiga sahun manya yana 19. Wanda ya riga ya yi suna a gidan dambe yana shekara 25 lokacinsa ya wuce, ƙannensa masu riƙe masa ruwa su ne abin dubawa.

Akwai kuma batun abin sawa a baka. Ɗan damben gargajiya yakan tashi daga fili da kuɗin liƙi a aljihu a daren da ya yi wasa. Ɗan dagajin boksin zai yi shekara takwas ko goma yana horo ba ya samun komai sai alawus idan an kira sansani. Kyuba ta warware wannan da makarantar kwana da albashin gwamnati. A Najeriya, abin da ya fi kama da haka shi ne soja da 'yan sanda da sauran hukumomin tsaro, waɗanda ke ɗaukar 'yan wasa aiki su ci gaba da wakiltar su.

Matakan sama na tsanin ba su yi nisa da yankin ba. Zariya na da cibiyar horar da sababbin sojoji, da makarantar soja ta yara, da Jami'ar Ahmadu Bello wadda ta daɗe tana yaye malaman motsa jiki. Kaduna na da filin wasa na Ahmadu Bello, ta kuma karɓi baƙuncin bikin wasanni na ƙasa a 1977 da 2009. Ana yin gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 15, inda kowace jiha ke da damar kai tawaga. Matakin da ya fi wuyar samu shi ne na farko, wato mutum ɗaya mai takardar horarwa a garin, da ɗaki mai daɓe, da buhun naushi, da safar hannu 'yan ƙwarori, da gasa tsakanin makarantu da za a riƙa yi duk shekara ba tare da fashi ba. Kuɗin wannan bai kai na motar da ake sawa a gasar dambe ɗaya ba. Ƙaramar hukuma na da sashen ilimi da walwalar jama'a, attajiran da ke yi wa 'yan dambe liƙi kuma su ne dai waɗanda za su iya ɗaukar nauyinsa.

Abin da iyaye ke tambaya

Tambaya ta farko lafiya ce. Boksin wasa ne da ake dukan kai, kuma dukan kai a kai a kai na iya barin illa a ƙwaƙwalwa, wannan likitoci ba su da saɓani a kansa. Abin da dokokin 'yan dagaji suka tanada shi ne rage haɗarin: gwajin likita kafin gasa, likita a gefen dandamali, hular kare kai ga yara da mata, robar kare haƙora, ikon alƙali na tsayar da wasa ya ƙirga takwas ko da mutum bai faɗi ba, da hutun dole na aƙalla kwana 30 ga wanda aka sumar. Mafi yawan wannan babu shi a filin damben ƙauye, inda wanda aka kashe yau yakan sake shiga gobe don ya rama.

Ta biyu ta addini ce. Malamai da yawa na ƙyamar wasan saboda hanin da ya zo kan dukan fuska, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke hukuncin haramta boksin a zamanta na 1987. A ɗaya ɓangaren, ƙasashen Musulmi irin su Uzbekistan da Kazakistan da Aljeriya da Maroko da Masar na cikin masu tura 'yan dambe Olamfik suna cin lambobi. Duk wanda zai buɗe wurin horo a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi zai haɗu da wannan tambaya daga bakin iyaye da limamai tun kafin ya rataye buhun farko, kuma ba koci daga Havana ne zai amsa masa ita ba.